Ƙofar Soja da Kasuwar Talata

Tun da ƙafata ta hana ni shiga kasuwa sai a bayan babur, na lura duk baƙon da ya zo gaishe ni sai ya ce, "Sarkin Kasuwa, Allah ya saka maka, kai ka ceci garin nan." Nakan amsa da amin in yi shiru, don ba a gyara wa baƙo magana a zaure. Amma ku 'ya'yana ne, kuma na ji kun fara faɗa wa naku 'ya'yan haka. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya kasance tun ina da sauran hankalina. Ban ceci kowa ba. Hasali ma ni ne mutum na farko da ya nemi a tashi kasuwar.

Garinmu yana bakin hanyar da ta taso daga Anka ta nufi Gummi, daidai inda ƙaramar hanya ta ratse zuwa ƙauyukan Bukkuyum, shi ya sa kowa ke ce masa Mararraba. Kasuwarmu ranar Talata take ci, tun zamanin kakana. Sarautar kasuwa a hannun mahaifina na gaje ta, kuma ba wata sarauta ba ce ta alkyabba. Aikinta raba rumfuna, duba tiyar masu awo kada a buga mata gindi, da shiga tsakanin mutum biyu kafin su kai ga marin juna. A da, in Talata ta yi, tun hantsi ba ka jin kiran wanda ke kusa da kai. Mutanen Gwashi su kawo gero da dawa, 'yan Gummi su zo da shinkafa da albasa, matan Fulani su jera ƙoren nono a gindin tsamiya, mazansu kuma suna can kara, wurin cinikin dabbobi, da shanu.

Zinari ne ya fara cin kasuwar. Samari suka ajiye fartanya suka shiga ramuka, aka riƙa kawo dutse cikin gidaje ana daka shi kamar hatsi. Kun san abin da ya biyo baya a Dareta da Tungar Guru, inda gubar dalma ta kwashe yara. Ƙanwar Innarku tana aure a Dareta, ta binne biyu a wata guda. Innarku ta je zaman makoki, ta daɗe ba ta dawo ba, da ta dawo kuma ba ta faye magana a kai ba. Abu ɗaya ta ce mini a lokacin: bayan an hana daka dutse a gida, ta leƙa rumbunan unguwar ba ta ga ko dami ɗaya ba, don shekarun nan ba wanda ya yi noma. Na ji maganar, na ce Allah ya kyauta, na wuce.

Bayan wannan sai ɓarayin shanu, bayansu kuma 'yan bindiga. Gonakin nesa suka gagara zuwa. Ranar da motocin soja suka shigo Mararraba suka sauka a tsohuwar ma'ajiyar auduga da ke gabas da gari, mata guɗa suka yi. Ni kaina na yi sujada. Kada wani ya ce muku mun ƙi zuwansu. Mun yi barci a shekarar kamar yadda ba mu yi ba da daɗewa.

Soja kuwa mutum ne mai buƙata, kuma albashinsa ba ya jiran kaka. Yana son abinci, ruwa, itace, wanki da guga, cajin waya, aski, tsire, goro, mai kai shi Anka a babur. Kafin shekara ta zagayo duk garin ya juya ya fuskanci ƙofar sansanin. Mahauta suka kwashe tukubarsu suka koma can. Mai shayi ya bi su. Maƙeri ya bar ƙirar fartanya ya koma gyaran gadajen ƙarfe. Manomin da ke da jaki ya ga jarkar ruwa ta fi kunyar gona riba, kuma ba mai tare shi a daji. Ƙanena Garba, baffanku, ya sayar da gonarsa ta gado ya gina ɗakuna a jere, yana ba sojoji masu iyali haya, da shagon lemo a gaba. A gidanmu kuma Innarku ce ta samu dafa wa sansanin abinci, safe da rana da yamma. Mata wajen goma sha biyu ke aiki a tsakar gidan nan, murhu ba ya mutuwa. A lokacin na yi rufin kwanon da kuke gani, a lokacin muka saba da nama kullum. Geron da muke ci kuwa a mota ake kawo mana shi daga Gummi, mu da muke sayar wa Gummi gero. Ban ga aibin haka ba sam.

Kasuwar Talata ta koma abin tausayi. Sai in je in zauna a rumfata in ga awaki na kwance a layin 'yan koli. Fulani sun daina zuwa ɗungurungum, don 'yan sa-kai sun fara tare su a kasuwannin yankin, mai laifi da marar laifi duk ɗaya. Baƙin 'yan kasuwa kuma in sun zo ba su ga shanu ba, ba su ga hatsi ba, ba sa dawowa. Sai na je wurin mai gari na ce masa tunda ciniki ya koma ƙofar soja, a mayar da kasuwar can baki ɗaya, ta riƙa ci kullum, a raba filin tsohuwar a yi gidaje. Ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara. Na dawo gida ina jin na yi dabara.

Akwai wani soja da ke zuwa ɗaukar abinci, Saje Bitrus. Dattijo ne a cikinsu, shi ke kula da cikin sansanin, wato abin da za a ci da abin da za a sha. Yakan tsaya a zaure, Innarku tana daga bayan zana, su yi maganar gishiri da manja. Wata safiya, tun mai gari bai ba ni amsa ba, ina shan koko Innarku ta zo ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba yi ba a irin wannan lokaci.

"Malam, ka ji abin da Saje yac ce mani jiya?"

"Mi yac ce?"

"Na ce mashi zan sayi manyan tukwane huɗu in ƙara mata.  Sai yac ce, Mama, kada ki saya. Yac ce garin da sunka zauna kahin nan, can gabas, haka wata mata ta riƙa dahwa masu shekara biyu. Ranar da anka ce su tashi, shinkahwa na bisa wuta. Shina bayan mota shina kallonta ta biyo su da ludayi a hannu. Yac ce, Mama, ranar da za mu tafi ko ni ba zan sani ba sai na ga ana naɗe tanti."

Na ce mata soja ne kawai ke zancensa, gwamnati ba za ta kwashe su ba alhali daji na cike da ɓarayi. Ta bar ni na gama.

"Na ga Dareta, Malam," ta ce. "Gari duka ya rataya ga abu guda, abin yat tahi. Wanga ma abu guda na. Ni dai daga yau na bar dahuwar marece, wata ta karɓa. Rabin matan nan za mu koma man gyaɗa da ƙuli. Amma gyaɗar sai an noma, man kuma sai da kassuwa. To kai Sarkin Kassuwa kake, ko sarkin ƙohwar soja?"

Shekara talatin da wani abu muna tare, ba ta taɓa yi mini magana mai zafin wannan ba. Na ajiye kokon na fita. Kwana biyu ba na amsa mata sai da ka. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma haka aka yi. Abin da ya sauko da ni ba hankalina ba ne. Na bi ta bakin gulbi ne zuwa wata jana'iza, na ga fadamar da ke ƙasan gari, wadda daga cikinta kana hango tutar sansanin, ta cika da ciyawa har ƙugu. Wuri mafi aminci a duk yankin, ruwa na kwance a gefensa, ba ko shuka ɗaya. A nan na gane abin da take nufi. Babban abin da sojojin suka kawo mana shi ne kwanciyar hankalin da za mu yi noma da kasuwa a cikinta, mu kuma muka bar wannan muka bi aljihunsu.

Na koma wurin mai gari na janye maganata. Ya dube ni ya ce dama bai yi niyyar yarda ba, yana neman yadda zai gaya mini ne kawai.

Daga nan na shiga yawo. Bayan kaka na bi masu fadama gida gida. Wasu suka yi mini dariya, wasu suka ce su ba su da lokaci amma ga filin in akwai mai so. Muka samu mutum tara, yawancinsu dattawa da waɗanda ba su samu gurbi a ƙofar soja ba, muka haɗa hannu aka kawo injin ban-ruwa guda biyu tsofaffi, aka zuba albasa da tumatir da ɗan barkono. Na je Gummi na zauna da dillalan albasa, na je Gwashi wurin masu hatsi. Duk inda na je amsa ɗaya ce: in Fulani sun dawo za mu dawo. Gaskiyarsu ne. Bafulatani ne ke kawo saniya, shi ne kuma ke sayen gishiri da dusa da atamfa da takalmi. Kasuwar da ba shi a ciki rabin kasuwa ce.

Saboda haka na tafi rugar Ardo Shehu, wanda mahaifinsa da nawa suka yi abota. Tafiyar sa'a guda ce a babur. Na same shi ya rame, rabin garkensa ɓarayi sun kore, ɗan ƙanensa kuma an kashe shi a hanyar wata kasuwa ba tare da an tambaye shi ko sunansa ba. Ya sa aka kawo mini nono, ya saurare ni har na gama.

"Sarkin Kassuwa," ya ce, "daji ya ci mu, gari ya ci mu. In na turo matanmu, wa ka tsaya masu?"

"Ni."

"Da mi? Kana da bindiga?"

"Ba ni da ita. Amma tabarmata zan ɗauko daga rumhwa in shimhiɗa gindin tsamiya. Wanda duk zai taɓa su sai ya tsallake ni."

 Ya ce zai gani. Sau uku ina komawa.

A nan ne maganar Garba ta shigo, kuma ina so ku karanta ta da kyau, don na san abin da ke zukatanku game da shi. Garba ya ji haushina ƙwarai. A ganinsa ina zuga mutane su juya wa sojoji baya, kuma in suka ji haushi suka tashi, shi ne zai fi kowa faɗuwa, don ba shi da gonar komawa. Ya zo har gida.

"Yaya, kai kana da rawani da gona. Ni ɗakunan nan su ɗai gare ni. Mi kaka nema da ni?"

Na ce masa ba wanda ya ce a bar cinikin soja, cewa na yi kada ya zama shi kaɗai ne abin dogaronmu, don soja na iya tashi ko yaushe. Na ce ya karɓi kadada guda a fadama. Ya ce shi ya wuce riƙon fartanya, ya fita. Bayan kwana kaɗan, a majalisar mai shayi da ke ƙofar sansanin, cikin fushi ya ce, "Yayana na ta hwaɗin soja za su tashi. Ina yaj jiyo? Kullum shina ruga." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na bincika daga baya wurin mutum uku da ke zaune a wurin. Bai ce infoma ba. Amma a shekarun nan ba sai ka faɗi kalmar ba, wasu za su ƙarasa maka. Kafin la'asar maganar ta zagaye gari cewa Sarkin Kasuwa na kai wa 'yan daji labari.

Washegari da hantsi ina fadama muna gyaran inji sai ga 'yan sa-kai sun nufo ni, ga kuma motar soja ta riga su isowa. Na daɗe ina tunanin wannan, kuma na tabbata da motar ta makara da minti biyar da ba ni na rubuta muku wannan ba. Aka sa ni a baya aka wuce da ni ta tsakiyar gari, ta gaban rumfunan mutanen da na raba wa wuri da hannuna. Ba wanda ya ɗago kai.

Kwana huɗu na yi a wani ɗaki na kwano a cikin sansanin. Ba a doke ni ba, kada ku ƙara wa labarin abin da babu. Amma zafin ɗakin da zaman dirshan a siminti su suka taso mini da ciwon ƙafar nan. Kullum babbansu, wani matashi mai tabarau, zai sa a kawo ni ya yi mini tambaya biyu. Me nake zuwa yi ruga? Wannan na amsa masa dalla-dalla. Wa ya gaya mini za su tashi? Wannan ce na kasa. In na ce Saje Bitrus, na san soja ba ya yafe wa nasa sakin baki, kuma mutumin alheri ya yi mana. Sai in ce ba wanda ya gaya mini, tunanina ne. Shi kuma ya ga ina ɓoye wani abu, ya ce a mayar da ni.

Abincin da ake miƙo mini na gidana ne, na gane hannun Innarku a miyar. Ba ta fasa dafa musu ko sau ɗaya ba, ba ta kuma rage nama ba. Daga baya na tambaye ta dalili, ta ce in ta fasa ta tabbatar musu da zargin.

A rana ta huɗu aka fito da ni, na tarar da mutane a ofishin babban. Ga mai gari, ga liman, ga Garba idanunsa sun yi ja. Ashe tun ranar da aka kama ni bai zauna ba. Shi ya bi dattawan gari ɗaya bayan ɗaya, shi ya je ya tsaya gaban shugaban 'yan sa-kai ya ce maganar daga bakinsa ta fito kuma ƙarya aka ɗora mata, shi ya ce wa babban soja a tsare shi a madadina. A gefe kuma ga Saje Bitrus a tsaye ƙiƙam, ba hula a kansa. Ya dawo daga rakiyar motar kaya ne ya ji abin da ake tambayata, bai ko cire takalmi ba ya shiga ya ce shi ne ya yi maganar, kuma ga abin da ya faɗa.

Babban ya dube ni ya ce, "Baba, me ya hana ka faɗa tun ranar farko?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abinci yake ɗauka a gidana."

Ya cire tabaransa ya murza ido. Sai ya ce in sake yi masa bayanin kasuwar daga farko, a hankali. Na yi. Da na gama ya ce shi ba zai iya gaya mini ranar tashinsu ba don shi ma bai sani ba, amma muddin suna nan, duk Talata zai ajiye mutum biyu a bakin hanyar kasuwa, kuma ba wanda zai shiga da makami, ko ɗan sa-kai ko waninsa. Ya cika alkawarinsa. Saje kuwa a makon aka ɗauke shi daga kula da abinci aka tura shi wani ƙauye can cikin daji inda ake fafatawa. Ko sallama ba mu yi ba.

Talatar farko mata biyar Ardo ya turo, duk tsofaffi. Na shimfiɗa tabarmata a gindin tsamiya, ƙafa a kumbure, na zauna tun hantsi har suka sayar suka tafi. Innarku ta aiko da kwalaben mai da ƙuli aka jera kusa da su. Mutane suna leƙowa daga nesa kamar masu kallon mahaukaci. Talata ta biyu mata tara suka zo. A wata na biyu aka shigo da bijimi kara, na farko cikin shekara biyu, mahauta suka baro ƙofar soja da gudu. Ba komai ne ya yi kyau ba. Tumatirinmu ya nuna lokaci guda ba mota, ya ruɓe a kwando muna kallo. Inji ɗaya ya mutu bai sake tashi ba, mutum biyu suka yi fushi suka fita. Amma albasa ta yi, 'yan Gummi suka zo da kansu, mutanen Gwashi suka biyo da gero. Da damina ta faɗi, waɗanda suka ga matan gidanmu na neman gyaɗa ido rufe suka shuka ta a gonakin kusa. Maƙeri ya koma hura wuta don fartanya rabin yini. Yawancin mutane ƙafa ɗaya a ƙofar soja, ɗaya a kasuwa, kuma dama iyakar abin da muke roƙo ke nan.

Sojojin sun ƙara shekara guda da 'yan watanni. Ranar wata Alhamis da safe muka ji motoci na ruri, kafin azahar ma'ajiyar auduga ta koma kango. An ce wani yanki ya fi mu buƙatarsu. Cikin mako guda rumfunan ƙofar suka zama itacen girki. Waɗanda ba su da wata madafa sun sha wuya, wasu suka koma ramin zinari, wasu suka tafi Gusau da Sakkwato ba su dawo ba. Kuma kada in ruɗe ku, kasuwa ba ta tare harsashi. Bayan tafiyarsu an kawo mana hari, mun binne mutane, akwai Talatocin da ba wanda ya fito. Ardo Shehu kansa daga baya ya kwashe iyalinsa ya bar yankin. Abin da zan iya cewa shi ne ba mu yi yunwa ba, kuma duk lokacin da ƙura ta lafa akwai abin da mutane za su fito su koma gare shi.

Garba bai shigo gidana ba tun ranar da aka sake ni, kunya ta hana shi. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban neme shi ba. Bayan tashin sojoji da kamar wata guda, dillalan albasa suka yi mini kukan ba su da wurin ajiya mai iska. Na aika aka kira shi. Ya zo rumfata da tarin makullai a hannu, ya tsuguna nesa da tabarma.

"Yaya, ni ban san da bakin da zan..."

"Ɗakunan nan naka suna da taga ta baya?"

"Suna da."

"To tashi mu tai mu gani."

Muka je muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki tsintsiya, na riƙe masa ƙofa. Har Allah ya karɓi ransa albasar Gummi ce ke ciyar da gidansa, kuma bai sake ɗaga maganar ba, ni ma haka. Na san wasunku har yau ba sa shiga gidan 'ya'yansa da sallah. Ku daina. Magana ɗaya ya faɗa cikin tsoron talauci, ya kuma yi kwana huɗu yana gyara ta da ƙafarsa da mutuncinsa. Ni da aka tsare na yafe tun a ofishin nan, ban ga dalilin da ku za ku riƙe ba.

Innarku ta san godiyata, ko da yake ban iya faɗa mata da baki yadda ya kamata ba. Wanda ban samu na gode wa ba shi ne Saje. Shekaru ina tambayar duk sojan da ya tsaya shan ruwa a Mararraba. Wani ya ce masu wannan sunan suna da yawa. Wani ya ce kamar ya ji ya yi ritaya, wani kuma ya kawar da kai. Ban san garinsu ba, ban ma san sunan mahaifinsa ba. Ku kuna yawo, kuna zuwa wuraren da ban taɓa takawa ba. Gajere ne, baƙi, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, ba ya cin yaji, Hausarsa irin ta mutanen dutse ce. Yanzu zai yi furfura. In Allah ya haɗa ɗayanku da shi, ku durƙusa ku gaishe shi kamar yadda kuke gaishe ni. Ku ce masa matar nan ba ta sayi tukwanen ba. Ku ce masa kasuwar tana ci.